"I" ko "me"? "His" ko "her"? Amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan wakilin suna a Turanci

Tambayoyin nan yawancinsu daga ɗalibai ne masu shirin WAEC da NECO da JAMB, sai kuma 'yan kasuwa da ma'aikata masu son tura saƙo da Turanci ba tare da an yi musu dariya a bayan ido ba. Na haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, wasu na amsa su a gurguje don babu abin ja a cikinsu, wasu kuwa sai an ɗan zauna. Roƙona ɗaya, duk inda ka ga misalin Turanci ka fara tambayar kanka ya zan faɗi wannan da Hausa, saboda galibin kurakuranmu daga nan suke fitowa, Hausa ce ke aiki a cikin kai mu kuma muna jera kalmomin Turanci a kan tsarinta.

Wai mene ne bambancin "I" da "me", ko "he" da "him"? Ba duk mutum ɗaya ba ne?

Mutum ɗaya ne, aikinsa a cikin jimla ne ya bambanta. In shi ya yi aikin, wato aikau kamar yadda malaman nahawu ke cewa, sai a ce I, he, she, we, they. In kuma a kansa aikin ya sauka, wato karɓau, sai a koma me, him, her, us, them. "You" da "it" su ba ruwansu, ko ina ka ajiye su ba sa canza kama.

Mu ma ai haka muke yi. "Ya gan ta", "ta gan shi". Namijin da yake "ya" a jimlar farko ya koma "shi" a ta biyu, kuma ko yaron da bai shiga firamare ba ba zai ce "ta gan ya" ba. To shi ne "He saw her" da "She saw him", ba wani sabon ilimi ba ne.

Wuri na biyu da ake buƙatar su me, him, her shi ne bayan ƙananan kalmomin nan irin to, for, with, from, about, between. "With him", "for us", "about them". A nan ne Bahaushe ke zamewa, don tun muna yara aka ce mana "ita" ita ce "she", to da ya tashi cewa "na tafi da ita" sai ka ji "I went with she". A'a, "with her" ne.

Na ce "Musa came with her wife" malami ya ja min jan biro. Ai matar mace ce, me ya sa ba "her" ba?

Wannan ita ce babbar tambayar, wanda ya gane ta ya gama da rabin matsalar. Hausa idan za ta nuna mallaka abu biyu take kallo lokaci guda, jinsin abin da aka mallaka da jinsin mai shi. Duba "motarsa". Wannan r ɗin na mota ne saboda mota mace ce a Hausa, "sa" kuma na mai motar ne. Duba "gidanta", n na gida ne, "ta" na mai gidan. Alama biyu kenan a manne a kalma ɗaya kuma muna furta su ba ma ko tunani.

Turanci kuwa ya zubar da ta farkon gaba ɗaya. Ba ruwansa da ko abin namiji ne ko mace, mai abin kawai yake kallo. Saboda haka gidansa "his house", motarsa "his car", matarsa "his wife", 'yarsa "his daughter", duk "his" tunda mai su namiji ne. Gidanta "her house", motarta "her car", mijinta "her husband", ɗanta "her son". Abin da ya faru da kai shi ne idonka ya tafi kan "wife" ka ga mace sai hannu ya rubuta "her", alhali tambayar da ya kamata ka yi ita ce matar wa? Ta Musa. Musa namiji ne, shi kenan "his wife". Ka saurari ƙarshen kalmar Hausar kawai, in ka ji "sa" to "his", in ka ji "ta" bayan n ko r to "her".

Na ce bayan n ko r da gangan, saboda akwai wani tarko. "Motata" da "motarta" harafi ɗaya ne tsakaninsu amma ta farko "my car" ce, ta biyu "her car". Masu rubutu a waya da yawa ma suna haɗiye r ɗin, sai ka ga an rubuta "wayata" ana nufin ta wata, to in Hausar ma ta cakuɗe ina ga Turancin.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su abin ya fi yi musu nauyi, don Faransanci akasin Turanci yake yi, abin da aka mallaka yake kallo ya ƙyale mai shi. "Sa voiture" motarsa ce ko motarta duk ɗaya, "son livre" littafinsa ko littafinta. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya zo Turanci da wannan sabon sai ya juya tunaninsa baki ɗaya, kuma shawarata gare shi ita ce ya bi ta Hausa kai tsaye kar ya ratsa ta Faransanci, Hausar ta fi kusa da Turanci a wannan gaɓar tunda ita aƙalla tana nuna mai abu.

"My" da "mine" fa? Yaushe ake amfani da wanne?

Gajeriyar mallaka da doguwar mallaka ne da aka koya mana a ajin Hausa. Littafina "my book", nawa ne "it is mine". "My" kamar ɗan goyo yake, sai da suna a kusa da zai jingina da shi, ba za ka ce "This is my" ka yi shiru ba, mai sauraro zai tsaya jira, my me? "Mine" kuwa da ƙafarsa yake tsayawa kuma ba ya son suna a gabansa, "mine book" kuskure ne a Turancin yau.

Jerin dai shi ne my da mine, your da yours, her da hers, our da ours, their da theirs, sai "his" da ya ƙi canzawa, "his book" kuma "the book is his". A nan ma Turanci ya fi namu sauƙi: nawa da tawa duk "mine", naka, taka, naki, taki, naku, taku, su shida ɗin nan duk "yours". Nasa da tasa "his", nata da tata "hers". "Tasa" ita ce mai ruɗar mutane, suna jin "ta" a farkonta sai su ce "hers", alhali in an ce mota tasa ce, motar ce mace, mai ita namiji ne.

"Her" ɗin nan na ga tana aiki biyu, ko idona ne?

Ba idonka ba ne. "I saw her" na gan ta, "her bag" jakarta. Namiji yana da biyu, him da his, mace ɗaya aka ba ta. Shi ya sa jimla irin "I gave her food" za ta iya zama na ba ta abinci, in kuma an ci gaba aka ce "to the children" ta koma na ba yara abincinta. Abin da ya biyo baya ne ke warwarewa.

"Its" da "it's", wanne ne na mallaka? Kuma "Your's faithfully" daidai ne?

Na mallaka shi ne marar ɗan waƙafin nan na sama. "The goat broke its leg." Shi kuwa "it's" gajartawa ce ta "it is" ko "it has". Gwajin mai sauƙi ne, karanta jimlar ka buɗe shi, in "it is" ta zauna daidai to sa waƙafi, in ta zama shirme kamar "the goat broke it is leg" to cire shi.

Na san abin da ke ruɗa mutane, an koya mana "Musa's book", "the teacher's car", sai hankali ya ce ai mallaka da waƙafi take tafiya. Da sunaye haka ne, amma wakilan suna babu ko ɗaya a cikin his, hers, its, ours, yours, theirs da ke ɗaukarsa. Don haka "Your's faithfully" kuskure ne, kuma irin wanda mai duba takardar jarrabawa ke hangowa tun daga nesa tunda shi kaɗai yake zaune a layinsa a ƙasan wasiƙa. "Yours faithfully" ake rubutawa, Y babba, f ƙarami, idan ka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam". In ka ambaci sunan mutumin a sama sai ka rufe da "Yours sincerely".

Kar ka ji kunya sosai dai, Turawan da kansu suna wannan kuskuren kullum a intanet, kuma "its" ɗin ma baƙo ne a harshen, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya fara bayyana a rubuce, kafin nan "his" ake cewa har ga abin da ba mutum ba. Danginsu su ne your da you're, their da they're da there, whose da who's. Duk gwaji ɗaya, buɗe mai waƙafin ka ji ko jimlar ta tsaya.

"Me and Musa went" ko "Musa and I went"? Sannan na ji wani babba yana cewa "between you and I".

Cire Musa ka ga abin da ya rage. "Me went to the market" ba ta shiga kunne, "I went" ce daidai, don haka "Musa and I went". Yanzu juya: "The teacher called Musa and I." Cire Musa, "called I", ka ji ai ba ta yi ba. "The teacher called Musa and me" ita ce daidai ko da kuwa kunnenka na gaya maka wai ba ta yi kama da ta 'yan boko ba.

Matsalar ta samo asali ne daga yawan gyara. An yi ta dukan yara a kan "me and Musa" har suka ɗauka "and me" haramun ce a ko ina, sai suka girma suna cewa "for you and I", "between you and I" suna ganin sun ƙure Turanci. Bayan between da for karɓau ake sawa, "between you and me". Babban da ka ji ya faɗa ba shi kaɗai ba ne, har a Ingila da Amurka ana ji a bakin manyan mutane, amma a takardar jarrabawa ba za a karɓa ba.

Wani abu kuma, mu "ni da Musa" muke cewa, mu fara da kanmu kuma ba rashin ladabi ba ne. Su a rubutu na ladabi mai magana ne ke zuwa ƙarshe. "Me and Musa" a hira tsakanin abokai kuwa ana faɗa sosai, ba wanda zai kama ka, ka dai san inda za ka kai ta.

Na ƙwanƙwasa ƙofa aka ce "Who is it?" Me zan ce, "It is I" ko "It's me"?

"It's me." Tsofaffin littattafan nahawu sun fi son "It is I", amma in ka faɗe ta a bakin ƙofar abokinka zai zaci wasan kwaikwayo kake. Haka "He is taller than me" ita ce ta bakin mutane, "than I" ta masu tsananin bin ƙa'ida. A jarrabawa in an ba ka zaɓi na fi ba ka shawarar bin tsohuwar ƙa'idar, a rubutunka na kanka kuma akwai hanyar kauce wa rigimar gaba ɗaya, ka ƙarasa jimlar: "He is taller than I am." Wannan ba mai ce maka uffan.

Akwai dai wurin da zaɓin ke canza ma'ana. "She likes Binta more than me" na iya nufin ta fi son Binta a kaina, "more than I do" kuma ta fi ni son Binta. Magana biyu ce daban, ta farkon har faɗa tana iya jawowa a gida.

Su "min", "maka", "masa", "mata" ya ake yi da su?

A nan Hausa ta fi wadata. Muna da jeri na musamman, mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu, daban da na "ya gan ni, ya gan ka". Turanci jeri ɗaya yake da shi yana ta juya shi. Ya saya min littafi "He bought me a book" ko "He bought a book for me". Ta aiko mana da kuɗi "She sent us money" ko "She sent money to us".

Inda gizo ke saƙa shi ne ba kowane aikatau ke yarda da hanya ta farko ba. Give, send, tell, show, buy, teach, lend sun yarda. Explain, say, suggest, describe, introduce sun ƙi, sai da "to". Don haka "explain me the question" kuskure ne, "explain the question to me" ake cewa. "He told me" daidai, "he said me" ba daidai ba, "he said to me". Babu wata dabara a nan gaskiya, haddacewa ake yi, amma ba su da yawa waɗanda ake amfani da su kullum.

In abu biyun duk wakilai ne, kamar "ba ni shi", mafi aminci "give it to me". A wasu sassan Ingila za ka ji "give it me" ko "give me it", ka bar musu kayansu.

Sai kuma shahararriya, "borrow me your pen". Mu kalma ɗaya ce, na ari biro, ara min biro, ƙaramin canji ne ke nuna wa ya bayar wa ya karɓa. Su kalma biyu ce, mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". "Lend me your pen" ko "Can I borrow your pen?" A Najeriya kowa zai gane "borrow me", amma JAMB na son tambayar nan.

Kujera mace ce, littafi namiji. Me ya sa ba zan ce "I bought her" ba?

Saboda Turanci na da gida na uku da mu ba mu da shi. Duk abin da ba mutum ba "it" ne, jam'insa "them". Na saye ta, in kujera ce, "I bought it". In ka ce "I bought her" ana iya zaro ido. Dabba in ta gida ce da aka san jinsinta ana ce mata he ko she, in ba a sani ba "it". Jariri dai ka yi hankali, nahawu ya yarda da "it" idan ba a san jinsi ba amma kar ka faɗa a gaban uwarsa.

Ƙasa da jirgin ruwa akan ce musu "her" a tsohon salo na girmamawa, shi ya sa a alƙawarin ƙasa da muke karantawa a asambuli ake cewa "to defend her unity". Jaridun yanzu "its" suka fi amfani da shi, "Nigeria and its neighbours", duka biyun sun halatta in dai ba ka cakuɗa su a rubutu ɗaya ba.

Ka, ki, ku duk "you"? To ya ake gane da wa ake?

Daga yanayin maganar, wani lokacin ma ba a ganewa sai an tambaya. Da can ba haka harshen yake ba. Akwai thou na mutum ɗaya, karɓau ɗinsa thee, mallakarsa thy da thine, sannan ye da you na jam'i. Sai aka fara amfani da jam'in don girmama mutum ɗaya, kamar yadda muke ce wa dattijo ko suruki "kun tashi lafiya" alhali shi kaɗai ne, a hankali kowa ya zama ana ce masa "you", zuwa ƙarni na 17 thou ta fara ɓacewa daga maganar yau da kullum, ta rage a addu'a da waƙa da bakin wasu mutanen arewacin Ingila.

Ka ma san su ba ka dai lura ba. Taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024 da "Nigeria, we hail thee" ya fara, thee ɗin karɓau ne, mu ke yabo ita ake yaba wa. Wanda kuma ya taɓa buɗe tarjamar Alƙur'ani ta Abdullah Yusuf Ali da ta fara fitowa a 1934 zai ga a Fatiha an rubuta "Thee do we worship, and Thine aid we seek", ga karɓau ga mallaka a aya ɗaya. Dalilin da ya sa aka ce "Thine aid" ba "Thy aid" ba shi ne kalmar ta fara da wasali, tsohuwar ƙa'ida ce irin ta "a" da "an", kuma haka my da mine suke a da, "mine eyes" amma "my hand".

Da yake rashin jam'in na damun masu harshen, kowane yanki ya ƙirƙiro nasa, "y'all" a kudancin Amurka, "youse" a Ailan da Libaful, "you guys" kusan ko ina, "una" a Burokan ɗinmu. "You people" da muka saba da ita a Najeriya a waje tana iya fita da kaushi kamar kana ware mutane, "all of you" ko "you all" sun fi lafiya.

"He washed hands" me ya same ta? Ai "ya wanke hannu" ne.

Mu mun san hannun wa zai wanke in ba nasa ba, shi ya sa ba ma faɗa. Turanci sai an faɗa. Gaɓoɓin jiki da tufafi da dangi kusan kullum da mallaka suke tafiya: "He washed his hands", "Close your eyes", "She broke her leg", "Put on your cap". Wannan kuskuren ba ya hana a gane ka amma yana nuna daga wani harshe ka ɗauko jimlar.

Malami ya soke "The house that I live in it". Ina laifin "it"?

Daga "gidan da nake zaune a cikinsa" ta fito, kuma a Hausa wannan "sa" ɗin a wurinsa yake. Haka "matar da na ba ta kuɗi". Turanci kuwa yana ganin "that" ko "who" sun riga sun tsaya a madadin abin, ƙara wakili maimaici ne. "The house that I live in", "the woman I gave the money to". Jimlar za ta yi maka kamar an yanke mata jela, haka take.

Ɗan'uwan wannan shi ne "My father he is a farmer". Hausa ba ta iya cewa "Musa tafi", dole "Musa ya tafi", to sai mu ɗauki "ya" ɗin mu mayar da shi "he". In ka ambaci suna, wakili ya huta: "My father is a farmer."

"Pick up it" ko "pick it up"?

"Pick it up." Da suna kana da zaɓi, "pick up the phone" ko "pick the phone up", amma wakili tsakiya yake shiga dole: turn it off, call him back, wake them up. Sai dai irin su look after, look for, listen to ba sa rabuwa, "look after them", "look for it".

Na ga "Someone left their phone". Mutum ɗaya kuma "their"?

Daidai ne, kuma ba sabon yayi ba ne kamar yadda wasu ke zato, tun ƙarni na 14 ake samunsa a rubuce. Mu "wani ya manta wayarsa" muke cewa mu ba namiji, su ma littattafan makaranta sun daɗe suna cewa a sa "his", daga baya aka koma "his or her" wanda ke da nauyi a baki, yanzu "their" ta yi rinjaye bayan someone, anybody, everyone, nobody. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ma "they" ya zaɓa a matsayin kalmar shekarar 2019. In ka ci karo da ita a jarrabawar zaɓi kuma akwai "his" ko "his or her" a jerin, ka tuna masu saita tambaya sun fi karkata ga tsohon littafi.

Wani ɗan tarihi da nake jin daɗinsa, they da them da their ba asalin Turanci ba ne, aro ne daga harshen mutanen Sikandinebiya da suka mamaye arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, kuma daga arewa kalmomin suka gangaro kudu a hankali, har marubutan Landan na ƙarshen ƙarni na 14 suna rubuta "they" amma karɓau ɗin suna nan a kan tsohuwar "hem". Ragowarta ce 'em da kake ji a "tell 'em". Harshe ya ari sunan kaya abu ne na kullum, amma ya ari wakilin suna ba kasafai ake gani ba.

"Who", "whom", "whose"?

Who kamar he, whom kamar him, whose kamar his. Amsa tambayar da kanka, in amsar "him" ce to "whom" ne: "Whom did you see?" "I saw him." A magana whom ta kusa mutuwa, "Who did you see?" kowa ke cewa, amma kai tsaye bayan to, with, for tana nan daram, "To whom it may concern", "the man with whom I travelled". Whose kuma "na wa" ce ko "wanda ...nsa": "the man whose car was stolen", mutumin da aka sace motarsa. Kar ka ƙara "his" bayanta.

"A friend of mine" da "my friend" ɗaya ne? "This is my own" fa?

"A friend of mine" wani abokina ne, ɗaya daga ciki. Ba a cewa "a my friend" ko "a friend of me", doguwar mallaka ake sawa, of mine, of yours, of theirs. "That car of yours" kuma "motar nan taka" ce, har da ɗan gatsen da ke ciki wani lokaci.

"My own" Turanci ne mai kyau idan ana jaddadawa, nawa na kaina, "I have my own room". Amma mun mayar da ita madadin "mine" a ko ina saboda tasirin Buroka, "this is my own, where is your own". A rubutu ka ce "This is mine, where is yours?"

In an ce myself, yourself, me ya sa ba "hisself" ba?

Tambayarka da hankali, don mu jerinmu a miƙe yake, kaina, kanka, kansa, kansu, duk da mallaka. Nasu rabi da rabi ne, myself, yourself, ourselves, yourselves daga mallaka, himself da themselves daga karɓau. "Hisself" da "theirselves" ana jin su a wasu karuruwan harshen amma ba a rubuta su. Kuma "themselves" kansu ne ba junansu ba. "They love themselves" kowa kansa yake so, in ma'aurata kake yabo "they love each other" za ka ce. Sannan a daina sa "myself" don a ji an yi ladabi, "Send it to Musa or myself" ba ta fi "Musa or me" daraja ba, tsayi kawai ta fi ta.

"Do you mind me sitting here" ko "my sitting here"?

Duka biyun ana faɗa. Ƙa'idar littafi ta ce kalmar da ta ƙare da -ing a nan suna ce, kamar "zama" a "zamana a nan zai dame ka?", don haka mallaka ta dace da ita, "my sitting", "his coming late annoyed the teacher", zuwansa a makare. A hira "me sitting" ta fi yawa nesa ba kusa ba. A wasiƙar neman aiki ko jarrabawa ka ɗauki my da his, a WhatsApp ka rubuta wadda ta zo maka.